Mita ɗaya tsakanin maganaɗisu da amfilifaya: nazarin gwajin ADMX na Seattle

Gwajin ADMX yana zaune ne a Jami'ar Washington da ke birnin Seattle a Amurka, kuma aikinsa sauraro ne. Masu gudanar da shi suna kasa kunne ko za su ji wata 'yar ƙanƙanuwar ƙwaya da ake kira aksiyon. Ba wanda ya taɓa ganin ta, amma masana fiziks da dama suna zaton ita ce ɓoyayyen abin nan da ke riƙe da tarin taurari, wanda nauyinsa ya ninka na duk abin da ake iya gani kusan sau 5. Tunanin ya samo asali daga aikin Roberto Peccei da Helen Quinn na 1977, sannan Steven Weinberg da Frank Wilczek suka nuna a 1978 cewa lallai ƙwaya za ta fito daga cikinsa. Abin da wannan nazari zai bi diddiginsa shi ne na'ura ta farko da ke karɓar siginar ta ƙara mata ƙarfi, wato amfilifaya, da wahalar da aka sha sama da shekara 20 wajen sama mata wurin zama kusa da maganaɗisu mai tsananin ƙarfi, a cikin sanyin da ya kusa ƙarshen sanyi.

Dabarar gwajin ta Pierre Sikivie ce, malamin Jami'ar Florida, wanda ya kawo ta a 1983. Ya nuna cewa idan aksiyon ta ratsa wurin da maganaɗisu ya yi ƙarfi sosai, jefi-jefi takan rikiɗe ta zama ƙwayar haske, wato foton, a zangon da ya dace da nauyinta. Zango a nan shi ne yawan kaɗawar igiya a daƙiƙa ɗaya, megahaz 1 kuma kaɗawa miliyan ɗaya ke nan. Nauyin da ADMX ya nema a zagayen da za a duba a nan yana faɗawa wajen megahaz 600 zuwa 1000, yankin da talabijin da wayar salula ke aiki. Don haka sai a zura ganga mai rufin jan ƙarfe cikin maganaɗisun, a daidaita ta ta yi amo a zango ɗaya, a soka ɗan siririn eriya ta samanta, a saurara. In ba a ji komai ba a ɗan juya sandunan da ke cikinta, zangon ya gusa kaɗan, a sake saurarawa. Gangar Seattle tana cin lita 136, tsawonta kusan mita 1, kuma maganaɗisun da ke kewaye da ita yana kaiwa wajen tesla 8, a ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. Yawancin injinan hoton MRI na asibiti tesla 1.5 suke da shi, maganaɗisun duniya kuwa wajen maikrotesla 50 ne kacal, maikrotesla kuma kashi ɗaya ne cikin miliyan na tesla.

Siginar da ake jira ƙanƙanuwa ce ƙwarai. A hasashen da ya fi wuya, ƙarfinta bai wuce wat 10⁻²³ ninki 2 ko 3 ba. A megahaz 650 wannan yana nufin foton kamar 60 a daƙiƙa. Ba na'urar awon da za ta karanta wannan kai tsaye, dole a ninka shi sau biliyoyi tukuna, kuma duk abin da ya ninka sigina sai ya zuba tasa hayaniyar a ciki.

Lissafin da ya tilasta komai

Hayaniyar lantarki tana fitowa daga wuri biyu. Na farko zafi ne: duk ƙarfen da ke da ɗumi, elektiron da ke cikinsa suna motsi barkatai, motsin kuma yana fitowa a waya a matsayin shuu. John Johnson da Harry Nyquist suka bayyana wannan a 1928. Na biyu amfilifayar ce da kanta. Injiniyoyi sukan auna duka biyun da ma'aunin zafi, kelbin, su haɗa su su ce zafin hayaniya. Kelbin 0 shi ne ƙarshen sanyi, digiri 273 ƙasa da daskarar ruwa, milikelbin kuma kashi ɗaya ne cikin 1000 na kelbin.

Ƙa'idar da Robert Dicke ya shimfiɗa a 1946 ta ce lokacin da za a ɗauka kafin sigina ta fito daga cikin hayaniya yana tafiya ne da zafin hayaniyar sau kansa. A ninka zafin sau 2, lokaci ya ninku sau 4. A wannan ƙa'ida duk labarin ADMX ya rataya, domin akwai manyan hasashe biyu a kan yadda aksiyon ke hulɗa da haske. Ɗaya ana ce masa KSVZ, ɗayan DFSZ, kuma siginar DFSZ ta fi rauni kusan sau 7. Rauni sau 7 yana nufin jira sau 50. Lissafi na sama-sama ya nuna cewa a zafin hayaniya na kelbin 0.5, mintoci 7 ko 8 sun isa a tantance zango ɗaya a matakin DFSZ. A kelbin 3.5 kuwa abin ya koma awa 6 a kowane mataki, matakan kuma sun haura 1000 kafin a share megahaz 35 kacal. Hanya ɗaya ta rage, ita ce a sauke hayaniyar sau 7.

Wani zai ce to a rage ƙarfin maganaɗisun mana, amfilifaya ta huta. Ba ya yiwuwa. Ƙarfin siginar yana tafiya da ƙarfin maganaɗisu sau kansa, saurin binciken kuma da shi sau kansa har sau 4. Wanda ya rage maganaɗisu da rabi ya ƙara wa kansa jira sau 16. Maganaɗisu da amfilifaya a gwajin nan kamar kishiyoyi ne a gida ɗaya: ba wadda za a iya saki, ba kuma za su kwana ɗaki ɗaya lafiya ba.

Zamanin Livermore: juya na'ura ta kwanta da layukan maganaɗisu

An fara gina gwajin a ɗakin bincike na ƙasa na Lawrence Livermore a Kaliforniya a tsakiyar shekarun 1990, ƙarƙashin jagorancin Karl van Bibber da Leslie Rosenberg. A lokacin gangar tana zama a wajen kelbin 1.3, sanyin da ake samu idan an zuƙe tururin ruwan hiliyom da famfo. Amfilifayar kuma ta tiransisto ce, irin wadda ake kira HEMT, da aka samo daga cibiyar binciken taurari ta rediyo ta Amurka, NRAO, inda ake ƙera su don manyan farantan sauraron sararin samaniya. Takashi Mimura na kamfanin Fujitsu a Japan ne ya ƙirƙiro wannan tiransisto wajen 1980. Sirrinta shi ne elektiron suna gudu a wani siririn shimfiɗi tsakanin kayan haɗi biyu, nesa da ƙazantar da kan tare su. In aka sanyaya ta gudun ya ƙara sulɓi, hayaniya ta sauka zuwa 'yan kelbin.

Farantin sauraron taurari ba shi da maganaɗisu a gefensa. A Livermore akwai, kuma nan aka ga abin da ba a saba gani ba. Maganaɗisu yana tura elektiron mai tafiya zuwa gefe. A doguwar waya siririya wannan ba ya yin ɓarna sosai, saboda elektiron suna taruwa a gefe ɗaya, tarin nasu ya haifar da wani ƙarfin lantarki da ke mayar da na baya kan hanya. Amma hanyar da ke cikin HEMT gajeriya ce ƙwarai, ƙasa da maikromita 1, faɗinta kuma ya ninka tsawonta sau ɗaruruwa. Ƙarafan shiga da fita da ke gaba da baya suna kwashe tarin kafin ya taru. Sai elektiron su riƙa tafiya a karkace, hanya ta yi musu tsawo, turjiya, wato cikas ga gudun wuta, ta hau. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a ɗauki sulɓin gudun elektiron a ninka da ƙarfin maganaɗisu, a ninka sakamakon da kansa, a ƙara 1. A ɗauka sulɓin ya kai 2 a ma'aunin da aka saba, wato murabba'in mita bisa bolt da daƙiƙa. A tesla 1 turjiya ta ninku sau 5, a tesla 8 ta haura sau 250. A aikace ɓarnar ba ta kai wannan lissafi tsaf, amma alƙiblar haka take. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan shi ne sulɓin da ya sa tiransiston ta yi shiru shi ne kuma ya sa maganaɗisu ya fi cin ta. Duk ƙoƙarin da maƙera suka yi na inganta ta, ƙara mata wannan rauni suka yi.

Edward Daw da Richard Bradley sun auna abin a 1997, suka ga lalacewar ta dogara ga yadda aka ajiye na'urar. Idan layukan maganaɗisun sun soki shimfiɗin elektiron daga sama, hayaniya ta tashi, ninkin sigina ya faɗi. Idan layukan sun kwanta tare da shimfiɗin, elektiron ba su da inda za su karkata, domin shimfiɗin ya riga ya matse su, na'ura ta ci gaba da aiki kusan yadda take. Masu bincike a Jami'ar Chalmers ta Suwidin sun sake tabbatar da haka a 2019 da sababbin tiransistoci, a kelbin 2. Maganin Livermore ke nan: a ɗaure amfilifaya a daidai kwanar da ta dace. Da haka suka fitar da sakamakonsu na 1998 a matakin KSVZ. Amma HEMT tana da ƙasan da ba ta wucewa. Ko an ƙara sanyaya wurin, wutar da take ci tana ɗumama cikinta, hayaniya ta tsaya a wajen kelbin 2 zuwa sama. DFSZ ya yi mata nisa.

Amfilifayar da ba ta jure ko maganaɗisun duniya

Mafita ta zo daga ɗakin binciken John Clarke a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel ta fiziks a 2025 tare da Michel Devoret da John Martinis. A 1998 Michael Mück da abokan aikinsa a wurin sun nuna yadda za a mayar da SQUID amfilifayar rediyo mai aiki a ɗaruruwan megahaz. SQUID ɗan zobe ne na ƙarfen niyobiyom, wanda in ya sauka ƙasa da kelbin 9.2 wuta ke bi ta cikinsa ba turjiya ko kaɗan. A wuri biyu an katse zoben da shinge siriri ƙwarai, mahaɗin da Brian Josephson ya yi hasashensa a 1962. Ƙa'idar kwantam, fiziks na ƙananan ƙwayoyi, ta sa wa hayaniyar kowace amfilifaya irin wannan iyakar da ba ta sauka ƙasa da ita, kusan milikelbin 48 a kowane megahaz 1000, wato milikelbin 30 a wajen megahaz 600. A kan teburin gwaji na Berkeley an sauko da hayaniyar zuwa kusan milikelbin 50, ƙasa da ninki 2 na iyakar. In aka gwada da HEMT, an samu ragi sau 40.

Sai dai SQUID asalinta ma'aunin maganaɗisu ce, kuma babu wanda ya fi ta ji. Tana amsawa ga abin da ake kira ƙwayar kwararar maganaɗisu, weba 2.07 × 10⁻¹⁵. A zobe mai faɗin maikromita 100 kowane gefe, maikrotesla 0.2 ya isa ya cika ƙwaya ɗaya ya juya na'urar daga wurin aikinta. Maganaɗisun duniya kaɗai ya ninka wannan sau 250. Tesla 8 ya ninka shi sau miliyan 40. Kafin ma a kai nan, ƙarfi mai yawa yana soka ƙananan guguwoyin maganaɗisu cikin niyobiyom ɗin, su maƙale, su riƙa tsalle daga wuri zuwa wuri suna haifar da hayaniya, in ya ƙara yawa kuma ya rusa halin rashin turjiyar ɗungurungum. Juya kwana ba ya maganin wannan.

Abin da aka yi shi ne a gina wa amfilifaya nata ɗakin. An ɗaga ta sama da gangar da kusan mita 1, inda ƙarfin babban maganaɗisu ya riga ya ragu, aka kewaye wurin da naɗin waya na biyu wanda wutarsa ke zagayawa ta kishiyar hanya, yana soke abin da ya rage. Naɗi ba ya sokewa tas, kuma a ɗan ƙaramin yanki kawai yake aiki, don haka aka ƙara garkuwa ta ƙarfe mai shanye layukan maganaɗisu. Tsarin yana da muhimmanci: wannan ƙarfe yana cika ya daina aiki in ƙarfin ya yi yawa, saboda haka dole naɗin ya fara rage yawancin nauyin kafin garkuwa ta ɗauki ragowar. Garkuwar da aka yi da ƙarfe mara turjiya kuma tana kulle duk abin da ta tarar a cikinta ranar da ta yi sanyi, mai kyau ko mara kyau. Babban maganaɗisun da naɗin sokewar suna tunkuɗar juna da ƙarfi mai yawa, kuma dole a tashe su tare a sauke su tare, in ba haka ba ɗakin da aka share ya cika.

Mitan nan ɗaya ba kyauta aka same shi ba, kuma a ganina nan ne zuciyar lamarin. Duk abin da ke tsakanin eriya da amfilifaya ta farko yana cin sigina tun ba a ninka ta ba: kebul, mahaɗai, makunnin sauya hanya, da na'urar da ke tilasta wa sigina bin hanya ɗaya don kada hayaniyar amfilifaya ta koma cikin ganga. Wannan ta ƙarshe, sakuleta, da ferait ake yin ta, wani abu mai amsa wa maganaɗisu, kuma da ɗan maganaɗisunta na ciki take aiki, don haka ita ma dole ta shiga ɗakin da aka share. Asarar desibel 1 a wannan hanya tana nufin kashi 20 cikin 100 na siginar ya tafi, jira kuma ya ƙaru da fiye da rabi. Kebul ɗin da ya ci sigina kuma yana mayar da hayaniya daidai zafin jikinsa. Ga matsalar sanyaya: amfilifaya tana can a rataye, sandunan jan ƙarfe ne ke janye zafinta zuwa firji, jan ƙarfe kuma yana rage kai zafi a cikin maganaɗisu mai ƙarfi. Hatta ma'aunan zafin da ake dogara da su, da yawansu turjiya suke aunawa, maganaɗisu kuma yana sauya turjiya.

Abin da aka samu a aikace

Sakamakon farko da SQUID ya fito a 2010. Ya tabbatar da cewa na'urar za ta iya yin watanni tana aiki a saman maganaɗisu mai tesla da yawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma gangar tana nan a wajen kelbin 2, don haka hayaniyar zafinta ta rufe ribar da aka ci. A wannan shekarar aka kwashe gwajin zuwa Seattle. A 2014 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta zaɓe shi cikin manyan gwaje-gwajen neman ɓoyayyen abu da za ta ɗauki nauyinsu, aka kuma saka masa firji mai gauraya hiliyom-3 da hiliyom-4, wanda ke iya sauka zuwa wajen milikelbin 100.

Daga Janairu zuwa Yuni na 2017 aka saurari megahaz 645 zuwa 680, da maganaɗisu a tesla 6.8. Gangar ta sauka zuwa kusan milikelbin 150. Wurin amfilifaya ya tsaya a kusan milikelbin 300, ninki 2 na zafin gangar da ke can ƙasa. Zafin hayaniyar tsarin gaba ɗaya ya kasance wajen milikelbin 500. A duba tazarar: na'urar da ta ba da 50 a Berkeley, tsarin da aka gina a kanta ya ba da 500. Bambancin bai fito daga lalacewar na'urar ba. Ya fito daga zafin gangar, da ɗumin ɗakin amfilifaya, da asarar hanya, da ragowar hayaniyar HEMT da ke biye a mataki na biyu a kelbin 4. Duk da haka 500 ya isa, domin shi ne ragin nan na sau 7 da lissafi ya nema. A Afrilun 2018 aka wallafa sakamakon: karo na farko da wani gwaji ya kai matakin DFSZ a wannan yanki na nauyi, maikro-elektiron-bolt 2.66 zuwa 2.81. Ba a ji aksiyon ba, amma an iya cewa da hujja ba ta nan a wannan zango, in dai ita ce dukan ɓoyayyen abin da ke kewaye da mu.

A zagayen 2018 aka sauya zuwa wata amfilifaya, JPA, daga ɗakin binciken Irfan Siddiqi a Berkeley. Ita ma da mahaɗan Josephson aka yi ta, amma aikinta daban ne. Ana kaɗa ta da wata igiya mai ƙarfi da ake kira famfo, ƙarfin famfon ya zuba cikin siginar, siginar ta dawo ta ƙofar da ta shiga ta ninku kamar sau 100. Tunda shiga da fita ƙofa ɗaya ce, sakuleta ta zama tilas, fiye ma da ɗaya. Da alminiyom aka fi yin irin waɗannan mahaɗai, shi kuwa yana rasa halin rashin turjiya a wajen tesla 0.01, kusan kashi ɗaya cikin 800 na ƙarfin da ke kewaye da gangar. Ana kuma daidaita zangonta da ɗan ƙaramin maganaɗisu da ake sarrafawa da wuta, wanda ke nufin duk wani ɓurɓushin maganaɗisu da ya ɓullo ta garkuwa daidai yake da hannun da ya murɗa mata tasha. Da ita aka share megahaz 680 zuwa kusan 800 a tesla 7.6, aka wallafa a 2020, sannan aka haura har megahaz 1020 a sakamakon 2021.

Wurin da na fi girmama aikin nan shi ne awon hayaniyar. Iƙirarin cewa aksiyon ba ta nan bai fi ingancin wannan lamba ba. In an zaci hayaniya 400 ce alhali 600 ce, to an rufe ƙofar da ba a leƙa ciki da kyau ba, kuma mai yiwuwa ba wanda zai sake komawa can sai bayan shekaru. Don haka ba a yarda da lambar da ta zo tare da na'ura. Akwai makunni a cikin sanyin da ke kawar da amfilifaya daga ganga ya haɗa ta da wata turjiya da ake iya ɗumamawa zuwa zafin da aka sani. A auna hayaniyar da ke fita a zafi daban-daban, a ja layi, a ga nawa ne na na'urorin da kansu. Bayan haka, a tsakiyar sauraro, ana kashe famfon JPA a kunna a kai a kai, a gwada yadda sigina ta fi hayaniya a hali biyun, kuma kwamfuta tana sake lalubo wutar daidaitawa da ƙarfin famfo duk lokacin da zangon ganga ya gusa. Wasu 'yan ƙungiyar kuma suna cusa siginar ƙarya a ɓoye, ba tare da masu nazari sun sani ba, don a ga ko za a kama ta. Idan wata sigina ta tsallake dukan tantancewa, hukuncin ƙarshe na maganaɗisu ne: a sauke ƙarfinsa, ta aksiyon dole ta ragu daidai da ƙarfin sau kansa, ta tashar rediyo ko ta wata na'ura kuwa ba ruwanta.

Ba Seattle kaɗai ta ɗanɗana wannan ba. Gwajin HAYSTAC na Jami'ar Yale, mai aiki a zangon da ya haura na ADMX, da JPA daga ɗakin Konrad Lehnert a Kolorado, ya jera naɗin sokewa da garkuwoyi hawa-hawa, ya kuma ƙara da'irar da ke bin gusawar maganaɗisun tana gyarawa nan take. A 2016 ɗaukewar wuta ta sa ƙarfin maganaɗisunsa ya faɗi bagatatan. Idan maganaɗisu mai tesla da yawa ya ɓace cikin ɗan lokaci, yana tayar da wuta mai zagaye a duk jan ƙarfen da ke kusa, wutar kuma ta ja ta tura da ƙarfin da ya lanƙwasa sassan firjin. Jan ƙarfe mai tsabta da ake zaɓa don ya kai sanyi ga amfilifaya shi ne ya fi ɗaukar wannan wuta. A 2021 HAYSTAC ya wallafa sakamakon da ya tsallake iyakar kwantam ta hanyar matse hayaniya da JPA biyu, ya kusa ninka saurin bincike sau 2. Abin da ya hana ribar ta fi haka shi ne asarar da ke cikin kebul da sakuleta tsakanin ganga da amfilifaya, wato mitan nan dai.

Shi ya sa ɗakunan bincike da dama suka koma ƙera amfilifayar da za ta iya shiga cikin maganaɗisun da kanta. Maimakon mahaɗan alminiyom, suna amfani da siririn fim na niyobiyom-naitaraid ko danginsa, wanda ke riƙe halin rashin turjiya a cikin maganaɗisu mai ƙarfi, kuma an nuna wasunsu suna aiki a tesla 1 zuwa sama a kan teburin gwaji. Sharaɗinsu ɗaya ne da na tiransistocin Livermore: layukan maganaɗisu su kwanta tare da fim ɗin, domin in sun soke shi daga sama guguwoyi za su shiga. Sakamakon ADMX na 2018 da 2020 da 2021 duka an same su ne da amfilifaya a ɗakin da aka share. Kuma ko an sauko da amfilifaya kusa da ganga, in irin mai mayar da sigina ta ƙofa ɗaya ce, sakuletar ferait tana nan tana buƙatar wurin da babu maganaɗisu, siginar kuwa dole ta bi ta cikinta kafin ta isa.